Mulkin da Kawu Ya Gwada a Tabkin Mandera

A shekarun da aka fara raɗe-raɗin cewa Turawa za su tattara su koma ƙasarsu, ni tela ne a kasuwar Bodinga. Na yi aure, ina da 'ya guda, ina da keken ɗinki na ƙafa. Ba ruwana da zancen mulki. In wani ya kawo shi rumfata, sai in ƙara taka keken don ƙararsa ta rufe bakin mai magana, domin a wancan zamani ba ka san wanda zai kwashi zancenka ya kai gaba ba. Mutum zai zauna ya sha furarka, ku yi dariya tare, bayan kwana uku a aiko kiranka.

Ina da kawu a Shagari, ƙanen mahaifiyata. Ya yi soja a yaƙin Turawa, an kai shi har ƙetaren teku, inda ya yi aiki a ƙarƙashin likitocin soja, yana tafasa allura yana wanke raunuka. Da ya dawo bai nemi aikin gwamnati ba kamar abokansa. Ya kafa rumfa a gefen kasuwa yana gyaran keke da agogo da fitilar ƙwai. Mutane na kai masa aiki, amma ba sa daɗewa a wurinsa. Ana cewa wanda ya ci abincin Bature shekara huɗu ba a san abin da ya dawo da shi a cikinsa ba. Ko mahaifiyata in za ta ambace shi sai ta rage murya.

Wata rana da bazara, ana jiran ruwan shuka, wani mai jaki ya tsaya a bakin rumfata ya ce Kawu na nemana ranar kasuwar Shagari. Bai faɗi dalili ba. Na hau keke na tafi, ina tsammanin rashin lafiya ce ko zancen gona.

Na same shi garau, ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido ɗaya. Bayan mun gaisa ya ajiye aikin, ya leƙa waje, sannan ya zaro wani littafi irin na 'yan makarantar boko daga ƙarƙashin tabarma.

"Zamna," ya ce. "Ka ji Turawa za su tahi?"

"Ana faɗa, Kawu."

"To in sun tahi, wa za ya riƙa ƙasa? Kuma da mi za ya riƙa ta?"

Na ce wannan ba ta tela ba ce. Ya ce ai tela ya fi kowa sanin amsar, tunda ba ya sa almakashi sai ya auna. Sai ya buɗe littafin. Rubutun ajami ne, ƙanana, ya cika shafi bayan shafi, har da zane-zane. Ya ce tun yana ƙetare yake tunanin abin, ya kuma shekara uku yana rubutawa. Tsari ne na yadda za a mulki ƙasa.

Abin da na iya riƙewa shi ne wannan. Mulki zai kasu rumfa uku. Ta farko rumfar awo, ta masu ilimin ƙasa da ruwa da cuta. Su ne za su riƙa auna ruwan sama da zurfin rijiyoyi, su san yawan yaran da suka mutu a kowane gari da abin da ya kashe su. Ta biyu rumfar amana, ta malamai da dattawa, har da tsofaffin mata masu karɓar haihuwa. Aikinsu su duba ko abin da za a yi zai cuci wani, ko da mutum ɗaya ne. Ta uku rumfar aiki, ta maƙera da magina da masu sanin inji. Ba za a zartar da komai ba sai ukun sun yarda. Shugaba ba gado zai yi ba, ba kuma yawan masu yi masa kirari ne zai ɗora shi ba. Sai wanda ya yi hidima a rumfunan nan duka, kuma damina uku kawai zai yi ya koma gonarsa. Muddin yana kan mulki, ruwan rijiyar da ta fi kowace lalacewa a ƙasarsa za a riƙa kai masa gida. Za a ja waya daga gari zuwa gari don labarin fari ko annoba ya isa a yini guda. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne, duk abin da aka auna sai an karanta shi a bainar jama'a ranar kasuwa, mai daɗi da marar daɗi.

Ina saurare, amma zuciyata na wani wuri. Na ce a raina ɗayan biyu ne. Ko dai yaƙi ya taɓa masa kai, ko kuwa Turawa ne suka ba shi wannan littafi ya riƙa nunawa, don a gane masu ɗokin a kawar da sarakuna. Na tuna yana karɓar wasiƙu daga tsofaffin abokansa na soja, wasu da kan sarki na wasu ƙasashe. Na dubi fuskarsa, irin ta mahaifiyata sak, na ji kunyar abin da nake tunani, amma tunanin bai tafi ba.

"Mi kaka gani?" ya tambaye ni.

"Kawu, a mayar da shi ƙarƙashin tabarma."

Ya yi dariya, bai mayar ba.

Ashe ba ni kaɗai ya kira ba. Can da azahar sai ga wani malami daga Dingyaɗi, abokinsa tun suna yara, mai makarantar allo da karatun littattafai. Siriri ne, ba ya ɗaga murya, amma in ya yi tambaya sai ka ji kamar ya soka maka tsinke. Ya riga ya karanta littafin. Yana zama ya ce, "Na kwana da abinka. Masu awo su ne idon mulkin nan, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Malam."

"To wa zai auna mai awo?"

"Rumfar amana," in ji Kawu.

"Su kuma da me za su gane ya yi ƙarya, tunda shi ya san awon, su ba su sani ba?"

Kawu ya ce ai kasuwa za ta ji, jama'a za su ƙaryata. Malam ya girgiza kai.

Muna cikin haka wani mutum ya kawo fitila gyara. Ɗan kasuwa ne, ƙato, mai yawan dariya, yana sayen albasa a fadama yana lodawa a mota zuwa kudu. Ba wanda ya gayyace shi. Na yi wa Kawu alama da ido ya rufe littafin, shi kuwa ya ci gaba da karantawa kamar ba kowa. Mai albasa ya nemi wuri ya zauna. Daga ranar bai ƙara fashin zaman rumfar ba. Yakan ce a maimaita masa wani wuri, musamman wurin da ya shafi sarauta. Yakan tambaya, "Wa da wa suka san da wannan?" Ya iya karatun boko, ya san direbobi da 'yan sanda a kan hanya. Duk lokacin da ya yi tambaya sai ya saci kallona. Ban ɓata lokaci ba na yanke masa hukunci a zuciya, na ce wannan ɗan rahoto ne.

Na so in daina zuwa. Matata ma ta ce in daina. Amma na ga in na janye, ba wanda zai sa ido a kan Kawu, kuma in abu ya ɓaci mahaifiyata za ta tambaye ni ina nake.

Malam ne ya sauko da zancen daga takarda zuwa ƙasa. Ya ce shi ya gaji da jin yadda za a mulki ƙasa daga bakin mutanen da ba su taɓa mulkin ko da tabki guda ba. A nemi abu ƙarami a gwada. Kawu kamar dama jira yake. Ranar kasuwa ta gaba ya zo da kwalba fara cike da ruwa, ya ce daga tabkin Mandera ya ɗebo, ƙauyen surukansa. Ya ɗaga ta a hasken rana ya ba ni gilashin agogonsa.

"Duba da kyau."

Da farko ban ga komai ba sai gurɓataccen ruwa. Can sai na ga wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa farare suna zillo, suna tsayawa, suna sake zillo. Ya ce likitocin soja sun nuna masa irinsu, su ne ke ɗauke da kurkunu. Mutum zai sha su a bana, sai baɗi tsutsar ta huda masa ƙafa ta fito, daidai lokacin noma. Ya ɗaura farin ƙyalle a bakin wata kwalbar, ya tace ruwan, ya sake miƙo mini. Babu ko ɗaya.

Na duba har sau uku. Sai na ce ya ba ni in tace da hannuna, da ƙyallen da na zo da shi, don ina zargin ya shafa wa nasa wani abu. Bai ji haushi ba. Ya ce haka ake so. Na tace, na duba, babu.

Haka aka kafa gwamnatin tabki. Kawu shi ne rumfar awo, da sabon littafi da fensir. Malam da wata tsohuwa ungozoma ta Mandera su ne rumfar amana. Ni da mai albasa rumfar aiki: shi ya kawo bandir na farin yadi mai ƙaramin ido, ni na yanka na ɗinka matatai masu zariya, waɗanda za a ɗaure a bakin tulu ko randa. Ban ji daɗin haɗa ni da shi ba. Ina ɗinki ina tambayar kaina me ya sa ɗan kasuwa zai ba da yadi kyauta.

Mun je gaida mai gari, Malam ya yi bayani. Dattijon ya daɗe yana kallon matacin da aka ajiye a gabansa. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Ya ce dai kada a jawo masa magana.

Mutanen ƙauyen sun fi ni zargi. Da Kawu ya fara bin gida-gida yana rubuta masu kurkunu, sai maza suka riƙa ɓoye samarinsu a rumbu da bayan gida, don sun ɗauka ƙidaya ce ta haraji ko ta aikin dole. Mata kuma aka baza musu cewa an jiƙa yadin da maganin hana haihuwa. Tsohuwar nan ce ta cece mu. Gajeriya ce, bakinta ja da goro, rabin garin a hannunta aka haife su. Ta tara mata a bakin tabki, ta wanke mataci da toka a gabansu, ta tace ruwa ta sha, ta ba jikarta mai ciki ta sha. Duk da haka ta juyo ta ce wa Kawu a gaban kowa, "In na ga abin da ban gane ba, ni zan fara tona ka."

Kusan rabin gidajen suka karɓa. A cikin waɗanda suka karɓa ma, na ga matacina a kan wani jariri an mayar da shi hula, na ga wani ana tace gasara da shi. Daminar farko ta wuce da kurkunu kamar kullum, domin na bara ne ke fitowa. Mutane suka yi ta yi mana dariya. Kawu ya ce a jira baɗi. Shekara guda muka yi muna zirga-zirga, ina ɗinka sababbi in tsofaffi sun yage, Malam yana tunatarwa a masallaci cewa tsabtar ruwa ba bidi'a ba ce.

Da damina ta biyu ta kama, abin ya bayyana. A gidajen da suka ƙi, mutane na kwance da ƙafa a kumbure, gonakinsu na cika da ciyawa. A gidajen da suka tace, maza na gona. Ni kaina na ga haka da idona, ba wanda ya faɗa mini. Kawu ya zama kamar an rage masa shekara goma. Ya riƙa cewa ko gida ɗaya ba a samu ba a cikin masu tacewa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Bisa tsarinsa ya kamata a karanta littafin a bainar jama'a, amma duk lokacin da Malam ya tuna masa sai ya ce a bari a gama haɗawa.

Wata safiya na kai sababbin matatai Mandera ni kaɗai. Tsohuwa ta karɓa, ta dubi hagu da dama, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani gida a ƙarshen gari. A zaure wani magidanci na zaune ya miƙe ƙafa, an naɗe farar tsutsa a ɗan tsinke a gefen idon sawunsa. A tsakar gida kuwa ga matacina ɗaure a bakin randa, wankakke.

"Gida uku ne haka," in ji ta. "Duk suna tacewa, ni shaida ce. Na faɗa wa kawunka. Ya zo ya gani, ya riƙe fensir, bai rubuta ba."

Na tambayi mutumin ko yakan sha ruwa a wani wuri. Ya ce gonarsa na da nisa, in gorarsa ta ƙare yakan durƙusa ya sha a kududdufi. Sauran gidajen biyu ma haka. Ke nan laifin ba na yadin ba ne. Da an rubuta, da an san cewa sai an ɗinka ƙananan matatai na aljihu don masu zuwa gona.

Ranar kasuwa na jira Kawu ya tafi alwala, na ɗaga tabarma na buɗe littafin ƙidayar. Na bi layi-layi. Gidajen nan uku suna nan a jerin masu tacewa, gabansu fari fes, kamar ba abin da ya same su. Na mayar da littafin inda yake. Fiye da shekara ina zarginsa da abubuwan da bai yi ba, ga wanda ya yi, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ban sami bakin yi masa magana ba a ranar. Na ce sai mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo, dogari ya zo har Bodinga ya ce ana nemana gobe a gaban hakimi, ni da Kawu da Malam. Bature mai rangadi ya sauka, yana son ganinmu. Ban ji ya ambaci mai albasa ba.

Wannan ya ishe ni hujja. Da sassafe na biya ta Shagari, na sami mai albasa a tasha ana ɗora masa buhuna. A gaban 'yan dako da direbobi na ce masa munafuki, na ce ya ci amanar mutanen da suka ba shi wurin zama, na ce yadin da ya kawo kuɗin rahoto ne. Dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya dube ni ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya juya ya ci gaba da lodinsa.

A barikin da Bature ke sauka aka shigar da mu. Hakimi na zaune a kan kujera da mutanensa a ƙasa, Baturen na bayan tebur, tafinta a tsaye. Muka cire takalma muka faɗi muka yi gaisuwa. Da na ɗaga kai sai na hango takardu a kan teburin. Na san rubutun. Na Kawu ne, da boko, wanda ya koya a soja.

Tafinta ya ce, "Wa ya aiko da wannan wasiƙa?"

"Ni ne," in ji Kawu.

Ashe shi da kansa ya kwafe tsarin duka, ya haɗa da ƙidayar Mandera, ya sa a gidan waya, bai gaya wa kowa ba. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Baturen bai damu da rumfuna uku ba. Ya wuce shafukansu da sauri. Matacin ya fi ɗaukar hankalinsa, ya sa aka miƙa masa guda, ya ɗaga shi a haske yana duba saƙar. Hakimi ne ya yi tambayar da ta shafi mulki, a hankali, ba tare da fushi ba.

"An karanta mini takardarka. Na ga wurin maƙeri, na ga wurin ungozoma. Ina nawa wurin?"

"Ranka shi daɗe," Kawu ya ce, "ba a rufe wa kowa ƙofa ba."

Wani daga cikin fadawa ya yi gyaran murya. Hakimi ya daɗe yana kallon Kawu.

Sai Baturen ya ɗora yatsa a kan ƙidayar ya yi magana. Tafinta ya juyo gare ni. "Kai ne telan? An ce kana shiga gidajen nan. Bature ya ce shi bai taɓa ganin magani ko dabara da ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Yana tambaya, wannan lissafi daidai yake?"

Na dubi Kawu. Bai dube ni ba. A cikin ɗan lokacin nan na yi tunani iri-iri. Na ce watakila Baturen ya riga ya aika an duba, yana gwada ni ne. Na ce watakila tsohuwa ta faɗa wa mai gari, mai gari ya kawo nan. Na ce in na rufa wa Kawu asiri aka gano, ni za a ɗaure, shi tsohon soja ne.

"Akwai gida uku da ba a rubuta ba," na ce.

Na yi bayanin gona da kududdufi da sauri, don kada a ɗora wa yadin laifi. Baturen ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Har yau in an tambaye ni ko gaskiya ce ta sa na yi magana ko tsoro, ba ni da amsa mai tsabta. Na fi zaton tsoron ya fi yawa.

Ba a ɗaure kowa ba. Baturen ya tafi da mataci ɗaya da takardun, ba mu sake jin labarinsu ba. Hakimi ya ce tace ruwa abu ne mai kyau, a ci gaba, amma ƙidayar mutane aikin hukuma ne, kada a ƙara. Ya ce kuma rumfar gyaran keke ta tsaya a gyaran keke.

A hanyar komowa ba mu hau kekunanmu ba, muka riƙa turawa. Malam na tsakiya. Mun yi nisa kafin Kawu ya buɗe baki.

"Da na rubuta su, da sun ce abin bai aiki. Na ce in an karɓa sai in gyara."

"Kai ka rubuta cewa a karanta mai daɗi da marar daɗi," in ji Malam. "Ba ni na rubuta ba."

"Gida uku ne kawai."

"A tabki guda," Malam ya ce.

Da muka kai mararraba Kawu ya hau kekensa ya tafi, bai yi mini sallama ba. Ya yi wata takwas ba ya amsa gaisuwata. Mahaifiyata ta ce na kunyata ɗan'uwanta a gaban arne, ta yi kwanaki ba ta cin tuwon gidana.

Mai albasa na je na nema a tasha, a gaban mutanen da na zage shi a gabansu. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Sannan ya ce tunda an zo wurin faɗin gaskiya, shi ma tun ranar farko ni yake tsoro. Ya san ni ke ɗinka wa dogarai biyu riguna a Bodinga, ya ga ba na magana a zaman, sai kallo. Ya ce sau biyu yana gaya wa Kawu ya daina karanta littafin a gabana. Yadin kuwa, ya ce mahaifinsa kurkunu ne ya gurgunta shi. Muka yi musabaha, amma bai sake kawo mini ɗinki ba, ni ma ban sa ran zai kawo ba.

Rashin lafiyar mahaifiyata ce ta sake haɗa ni da Kawu. Muka yi jinyarta tare, shi yana mata allura, ni ina riƙe ta. Ba mu tayar da zancen barikin ba, a lokacin ko bayansa. Da zaɓe ya matso, 'yan siyasa na kowane ɓangare sun zo rumfarsa, don sun ji labarin tsohon sojan da ya yi wa hakimi magana ido da ido. Yakan saurare su har su gama, ya tambaye su zurfin rijiyar garinsu gaba nawa ne. Ba wanda ya sani. Sai ya koma kan aikinsa.

Ranar da Turawa suka miƙa mulki ban buɗe rumfa ba. Na hau keke na tafi Shagari. Na sami Kawu da wata rediyo mai batir da wani attajiri ya kawo gyara, ya buɗe bayanta, tana magana tana yankewa. Manyan ƙasa ne ke jawabi ɗaya bayan ɗaya, suna alkawarin asibiti da makaranta da ruwa. Mutane sun cika bakin rumfar, waɗanda da ba sa daɗewa a wurin.

Ya matsa mini na zauna kusa da shi. Muka saurara na ɗan lokaci.

"Ka yarda da su?" ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

"A'a, Kawu."

"Kai dai ba ka yarda da kowa."

Muryar ta sake yankewa, mutane suka fara gunaguni. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan wata 'yar waya ja da ta saki, ya ce in danne kada in motsa. Na danne, maganar ta dawo. Haka na zauna har aka gama jawaban, yatsana ya yi tsami.